Jan Rinin Malam Badaru

Malam Badaru ɗan manoma ne daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, kuma shi ne mai awon kaki a ƙaramin asibitin yankin. Tun yana saurayi aikin ke nan: ya shafa kakin mai tari a gilashi, ya zuba jan rini, ya ɗumama har ya yi tururi, ya wanke da ruwan asid, sannan ya bi da shuɗi. Komai sai ya koma shuɗi, ban da ƙwayar tarin fuka, wadda ba ta sakin janta. In ya leƙa madubin awo sai ya gan ta siririya kamar karyayyen tsinken tsintsiya. Yakan gaya wa majinyata cewa wasu ƙwayoyin kafin a gama tuƙa tuwo, ɗaya ta zama biyu, amma wannan sai ta wuni ta kwana kafin ta rabu biyu, shi ya sa take cin mutum a hankali.

Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, rini ya daina zuwa daga Kano. Ya je da ƙafarsa, aka ba shi haƙuri. Da kwalbar ta yi ƙasa sai ya fara tsarma ta da ruwa, don ba ya iya korar mutane. Ga wuta babu, da hasken taga yake dubawa, kuma idonsa ya soma yi masa hazo-hazo.

A farkon wata damina Iliyasu, wanda gonarsu ke iyaka ɗaya, ya kawo matarsa Sakinatu tana tari, da jaririya a bayanta. Badaru ya daɗe a kan gilashinta, bai ga komai ba sai shuɗi. Ya ce musu sanyi ne, zai wuce.

Bayan kaka aka dawo da ita a amalanke, ta rame har ba a gane ta. A lokacin an samu sabuwar kwalba. Badaru yana leƙawa ya ga ja ko'ina, curi-curi. Jaririyar ma tana numfashi da ƙyar.

Iliyasu ya same shi a bakin taga ya ce, "Malam, a wancan zuwan dama tana da shi?"

Badaru ya ce, "Ban sani ba, Iliyasu. Ko rinin ne, ko idona, ko kuwa lokacin ba su yi yawan da za a gani ba."

Sakinatu ta tashi bayan watanni na allura da ƙwayoyi. Yarinyar ba ta kai yaye ba. Iliyasu bai taɓa ɗora masa laifi ba, ya ce haka Allah ya ƙaddara, kuma bai fasa zuwa masa gayya ba. Wannan ya fi komai yi wa Badaru nauyi.

Daga nan bai ƙara tsarma rini ba. In ya ƙare sai ya rufe ɗakin ya tura masu tari Kano, yana sane da cewa rabinsu gida za su koma su kwanta. Wannan ma bai bar shi ya huta ba.

Ya yi ritaya ya koma noman gero da gyaɗa. Daga baya aka cire masa yanar ido a birni. Ya tambayi likitan ko yaushe ta fara, likitan ya ce ba mai iya faɗa.