Haƙora Uku a Gwangwani Ɗaya

Ku ba ku riski kakanku ba, da kun ga mutum mai baƙar zuciya. Shekara ashirin yana sassaƙar ƙarfe a masana'anta, ya bar musu ɗan yatsa guda, su kuma suka sallame shi da ido ya fara yi masa hazo. Ya dawo gida ya kafa wani tsohon inji a ɗakin bakin ƙofa. Ɗakin nan kuwa ƙanensa, wanda ake ce wa Direba, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa, wai zai zuba tayoyi ya riƙa sayarwa. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko tari ɗaya ya yi sai ɗayan ya ce da shi ake.

Injin nan ba ya aiki sai da baki, wani dunƙulen ƙarfe kamar faranti mai kauri, da haƙora uku da ke cije sandar da za a sassaƙa. Nasa ya mutu, sai ya sayo na araha. Ya sa makulli ya murɗa, abu ya ce ƙiiii, kamar ana tauna tsakuwa.

Direba na jingine a ƙofa yana sakace. Ya ce, "Yaya, wannan a bola ka tsinto ko sadaka aka ba ka?"

"Matsa min daga haske, mai warin fetur."

"Haske? Ai ko rana aka sauko maka da ita ba gani za ka yi ba."

Tsohuwarsu ta gaji da haushinsu. Ta ce wa kakanku, "Kwana uku na ba ka. In inji bai juya ƙarfe daidai ba, ka kwashe tarkacenka, ƙanenka ya shiga."

Sai ya zauna ya warware bakin nan kaf. Ashe cikinsa yashi ne da garin ƙarfe cakuɗe da wani baƙin giris mai wari. Ya wanke da kananzir, ya bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, ya sa magagari ya goge duk inda ƙarfe ya yi ƙaiƙayi, har hannunsa ya tsage. To haƙoran nan uku, a ido iri ɗaya ne, amma kowanne da gurbinsa, kuma bi da bi suke shiga. Lambar da ke jikinsu ƙanƙanuwa ce, ba ya ganinta. Shi ya sa ya jera gwangwani uku a kan benci, kowane haƙori a nasa.

Rana ta uku ya zagaya bayi. Direba ya shigo, wai gwangwani yake nema na tsiyayar baƙin mai. Ya juye duka ukun cikin ɗaya, ya kwashi gwangwani biyu. Har ya mutu yana rantsuwa bai sani ba. Ƙarya yake, Allah ya gafarta masa.

Kakanku ya dawo ya tsaya a kan gwangwanin nan. Girman kai ya hana shi kiran wani ya karanta masa lamba. Ya zura su yadda suka zo, ya ɗaura sanda, ya kunna. Sanda ta hau rawa kamar jelar kare.

Direba ya ƙwala kira, "Inna! Zo ki ga injiniyanki yana kaɗa miya!"

Tsohuwa ta fito da sandarta. Ta duba, ta ce, "To, ka gani dai."

"Rana ba ta faɗi ba, Inna."

"Yaya, in kawo maka buhu? Ko a ka za ka ɗauka?"

Wuyan kakanku ya kumbura, gumi na ɗiga daga haɓa. Ya zare haƙoran, ya kife su a tafin hannu, ya rufe idon ma gaba ɗaya. Ya riƙa shafa bayansu da babban yatsa, inda suke da tsaga-tsaga. Na wannan tsagar ta fara daga can gefe, na wannan ta ɗan ja baya, na ukun ta fi ja. Ya ce, "Kai ne na fari, ɗan banza." Ya zura shi, ya murɗa kaɗan, ya zura na biyu, ya murɗa, ya zura na uku. Suka taho suka haɗu a tsakiya cif. Ya kunna. Sanda na gudu amma ka rantse a tsaye take.

Tsohuwa ta juya ta koma ciki. Direba ya ce, "Sa'a ce kawai."

Shi kuwa bai kashe inji ba. A gaban idon Direba ya sassaƙe sandar nan, ƙarfe na zuba kamar gashi, ya mai da ita sakata. Kafin la'asar ya kafa ta a ƙofar, da ƙatoton kwaɗo. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a ɗakin nan, ƙanensa bai sake taka shi ba, kuma ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.