Rayyis Badamasi da Falukar Baba Hamad

Badamasi mutumin Gumel ne, kuma kafin ya bar gida ruwa mafi girma da ya sani shi ne kududdufin bayan gari. Ya zo Alƙahira karatun fiƙihu, karatu ya ƙi shi, shi ma ya ƙi karatu. Sai ya ɓace shekara guda. Da ya dawo a 2012 ya sauka ɗakinmu a unguwar Faisal, ya ce daga yau a kira shi Rayyis, wato shugaban jirgi.

Gaskiyar magana, wani Bature ne mai ɗan jirgin ruwa da iska ke turawa ya ɗauke shi kuku, suka ratsa teku har Indiya. Kwana talatin da ɗaya ba su ga ƙasa ba, mu kuwa shekara biyu muka yi muna shan labarin. Ruwan sha kofi uku a yini. Wanka da ruwan gishiri, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Tukunya sai an ɗaure ta a kan risho. Salla a zaune, jirgi ya juya kai ma ka juya neman alƙibla. Ban musa ya sha wuya ba. Abin da ke ba ni haushi, mutumin da aikinsa yankan albasa ne ya koma shi ne mai yaƙi da guguwa. Ko famfo ka buɗe da ƙarfi sai ya girgiza kai: "Ba ku san darajar ruwa ba, ya jama'a."

Wanda ya yi wa rogon nan kallon kitse shi ne Baba Hamad, wani dattijo Bahaushen Sudan. Faluka ɗaya gare shi a kogin Nilu, wato jirgin ruwa mai ƙyallen iska, da ita yake ci da iyalinsa, ga baƙi 'yan yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, ga gwiwoyinsa sun gaji. Yana neman wanda zai riƙe masa tuƙi, Badamasi ya cika masa kunne.

Ranar gwaji muka cika jirgin, mu takwas, iska mai daɗi tana tura mu. Da la'asar ta yi Baba Hamad ya miƙa masa sandar tuƙi.

"Kafin gada ka juya, ɗana. Tamam?"

"Tamam, Baba. Wanda ya ratsa teku ake gaya wa kogi?"

Dattijo ya koma gaban jirgi ya ta da salla. Badamasi kuwa ya ɗauko igiya ya ɗaure sandar tam, wai haka Baturensa ke yi, jirgi ya yini yana tafiya shi kaɗai. Ya juya mana ya koma kan abin da ya iya, haɗa shayi da zuba. Mu ma sakarkaru muka saki baki muna saurare.

Sai muka ji wata ƙara kamar an sare bishiya. Doguwar sandar da ke riƙe da ƙyallen iska ta daki gada ta karye biyu, ƙyallen ya kece ya rufto mana. Baba Hamad bai katse sallarsa ba. Da ya sallame ya daɗe yana kallon guntun itacen.

"Ma'alish, Baba, yi haƙuri," in ji Badamasi, buta na hannunsa. "A teku ai babu gada."

Kunya ta kama ni kamar ni na yi. Muka miƙe za mu taya dattijon, ya ɗaga mana hannu. Shi kaɗai ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa, yana naɗe yagaggen ƙyallen.