Shekarar da Muka Rina 'Yan Tsaki

Shekarar da na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu na bayan Zariya, ba ta taho da kaya masu yawa ba, amma ta taho da kaza. Baƙa ce mai ɗigon fari a wuya, an ɗaure mata ƙafafu da tsumma, a cinyar Inna ta zauna har muka iso Kaduna. Likita ne ya ce hawan jininta yana bukatar a riƙa dubawa a kai a kai, shi ya sa muka matsa mata ta dawo wurinmu a Unguwar Rimi. Da baki kawai ta yarda. Kullum bayan la'asar takan zauna a bayan gida ta zuba wa katanga ido, ta ce da matata, "Ni fa baƙuwa ce. Damina na faɗuwa zan koma."

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. "Mai gidan nan" take cewa, ko da ina tsaye a gabanta.

Kazar ta samu zakaran maƙwabta, ta yi ƙwai a ƙarƙashin tankin ruwa, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe. Daga ranar Inna ta canza. Tana idar da sallar asuba za ta fita da ɓarzajjen gero a murfin kwano, tana yi wa 'yan tsakin magana ɗaya bayan ɗaya. Maganar komawa ta ɗauke. Ni da matata mun lura, amma babu wanda ya furta.

Muzuru da gafiya ba su ba mu wahala ba. Kafinta ya haɗa akurki mai ragar ƙarfe, muka ɗora shi a kan bulo, shi ke nan. Shirwa ce ta gagare mu, domin ita da rana tsaka take zuwa. Takan yi shawagi can sama kamar ba ruwanta da kowa, sai inuwarta ta gifta, uwar ta yi ƙara, kafin a ɗaga kai an rasa ɗaya. Na gicciya igiyoyi a saman tsakar gidan, na rataya tsofaffin faya-fayan sidi don ƙyallinsu ya firgita ta. Ta koma kan sandar wutar lantarki ta zauna tana kallon aikina. Cikin mako guda ta kwashe kusan rabi.

"A ƙauye akwai gindin rumbu, akwai dangar kara, suna da inda za su shige," in ji Inna. "Nan kuwa siminti ne fetal. Kun zuba wa shirwa a faranti." Da yammar nan maganar damina ta dawo.

Maƙwabciyarmu, wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ta kawo shawarar galura. Ta ce a rina su ja, shirwa ba ta ɗaukar abin da ba ta gane ba. Ranar Asabar da hantsi suka tafi barka Unguwar Shanu ita da Inna, mu kuma muka ce bari mu yi wa tsohuwa ba-zata. Muka kulle uwar a akurki, matata ta dama galura a roba, ina kamo 'yan tsakin tana shafawa da auduga, muka jera su a rana suka bushe, jajur kamar tumatir. Sannan muka sako uwar.

Ta tsaya ta karkata kai. Na farkon da ya rugo gare ta, ta caccake shi a ka. Na biyu ta bi shi har bakin magudana. Ta baza fikafikai tana zagaya gidan tana kiran 'ya'yanta, su kuma suna biye da ita suna kuka, tana juyowa tana korarsu. Dole muka raba su.

Haka Inna ta shigo ta same mu, hannuwanmu ja har gwiwa.

"Subhanallahi! Waɗannan kuma 'ya'yan wane ne?"

"Naki ne, Inna," in ji matata da ƙaramar murya. "Lalle muka yi musu."

"Lalle? Aure za su yi?"

Hajiya ta dafa bango tana dariya. "Ai da yamma ake yi, in za su kwanta! Wa ya ce ku yi da rana uwar na gani?"

Na ce, "Hajiya, ba ki faɗa ba."

"Yallaɓai, ba ka tambaya ba."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki wanda aka caccaka ta duba kansa, ta hura masa iska. Da aka kira magariba ta kife uwar da babban kwando, ta lulluɓe shi da tsohon zane, ta riƙa tura 'yan tsakin ta ƙasa ɗaya-ɗaya. Muka tsuguna muna saurare. Da fari an yi fafutuka a ciki. Can sai uwar ta sauke murya, ta koma ƙananan kiran nan da take yi idan ta samu tsaba, kukan 'yan tsakin ya yi ƙasa har ya ɗauke. A cikin duhu muryarsu kawai take ji, ita kuwa ba mu rina ta ba.

Da safe Inna ta ɗaga kwandon, baƙar kaza ta fito da jajayen 'ya'yanta a bayanta. Ta ɗan dube su, ta ci gaba da tono.

Ko galurar ce ta yi aiki, ko kuwa zaman da Inna ta koma yi a tsakar gida da sanda a gefenta, ban sani ba. Abin da na sani shi ne shirwa ta ci gaba da shawagi, kuma ba ta ƙara ɗaukar ko ɗaya ba. Jan ya koɗe a hankali yayin da sabon gashi yake fitowa.

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis ina ofis. Na dawo na tarar da kazar da 'ya'yanta suna cin shinge, ƙwarin nan masu fikafikai da ke fitowa bayan ruwa, a gindin mangwaro, Inna tana zaune a baranda tana kallonsu. Na gaishe ta na tsaya, ina jiran maganar da nake tsoro.

Ba ta dube ni ba, matata ta fuskanta. "Ki faɗa wa mai gidan nan, in zai je gida ya karɓo mini jan zakarana wurin kawunsa. Na maƙwabtan nan ba shi da jiki."