Burukutu Ta Ƙi Kwalba

Jama'a, yau burukutu ta yi harbi a unguwarmu ta Sedgefield, nan Amurka.

Ni da Bitrus, ɗan ƙanwar mahaifina, muna haya a gidan wata dattijuwa Ba'amurkiya. Na dafa burukutu da dawar da aka noma a garin McLeansville. Bitrus ya ce mu ɗura a kwalabe mu toshe, yadda Amurkawa ke yi wa giyarsu. Muka manta cewa tamu a buɗe ake barinta, domin ba ta daina tashi.

Da rana kwalabe suka fara fashewa. Dattijuwar ta fito, ta ce mu zaɓa, giya ko ɗaki.

Bitrus ya ce, "Yaya, mu haƙura."

Na ce, "Ɗakuna sun cika gari. Gobe zan jiƙa dawa."

Asara: kwalba goma sha tara, labule ɗaya, ɗaki ɗaya.