Kofur Armaya'u Mai Wayar Ofis

Kofur Armaya'u ɗan doka ne, mutumin Jabo, wanda ya shekara tara yana zagaya ƙauyukan Tambuwal da Kebbe a kan keke. Shekarar da aka sami mulkin kai, wata motar gyaɗa ta kife da shi a hanyar Dogon Daji, aka yanke masa ƙafar hagu. Da ya warke, Saje Atiku ya zo har gida da maganar sallama.

"Ranka ya daɗe, ƙafa aka yanke, hankalina na nan," in ji Armaya'u. "Ku ba ni wayar ofis."

Aka ba shi. Tun daga ranar, duk wanda gobara ko haɗari ya samu, muryarsa yake fara ji.

Wata damina, da hantsi, saƙo ya iso daga Kebbe cewa rijiya ta rufta da magina biyu. Atu direban ofis ya ɗora igiya da majiya ƙarfi a mota, zai kama babbar hanya, sai Armaya'u ya dogara sandarsa ya fito.

"Kada ka bi nan, Atu. Ruwan kwana uku ya cika mashigin. Bi ta bayan fadama, wajen kukoki fuɗu, can tsakuwa ce."

Atu ya yi gunaguni, amma ya bi. Kafin la'asar suka zaƙulo mutanen da ransu.

Armaya'u ya shekara bakwai a kujerar nan, kuma ko sabon saje aka kawo, wurinsa yake fara tambayar hanya.