Gadar da Yaya ta ɗora wa lemon Inna

Ranar Talata, sha tara ga watan Maris, da hantsi, Mai rayawa da kashewa ya karɓi abinsa. Yayata, malamar ilimin tsirrai, ta cika a gadon asibiti, hannunta cikin nawa. Daga gare Shi muka fito, gare Shi kuma za mu tattara mu koma. Na san haka, na kuma faɗa da bakina a wurin. Amma Yaya, sanin bai rage mini raɗaɗi ba. Ni da kike cewa bakina ba ya mutuwa, ga shi yau sai da na zauna na rubuta kafin in iya yi miki magana.

Ni tela ce, ban yi karatu mai zurfi ba, kuma na daɗe ina yi wa aikinki tsiya. Likitar ciyawa nake kiranki. Ina ce miki mutane suna karatu su duba marasa lafiya, ke kin ƙare ƙuruciyarki kina leƙen cikin kara. Ba ki taɓa jin haushi ba. Sai dai ki shigo kicin ɗina ki ɗauke mini karas, ki jefa a jaka, in biyo ki da faɗa har ƙofa. Ashe ba ci kike yi ba. Tsaga shi kike yi, ki cusa ganye a tsakani don ya tsaya da ƙarfi, sannan ki bi da sabuwar reza ki yanko shi siriri har ya yi shara-shara.

Ranar da kika gaji da surutuna kika ja ni ɗakin gwajin kwalejinku. Har yanzu ina ganin dogayen teburan nan da famfon da ke ɗiga a lungu, ina jin warin sinadari. Kika yanko karan wake, kika ɗauke yankan da ɗan burushi, kika tsoma shi a rini ja da kore, kika ɗora a gilashi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Kika ce, "To sarkin magana, leƙa."

Na leƙa. Leshi na gani, irin wanda ban taɓa sa wa almakashi ba, rami kusa da rami, ba inda zare ya kauce. Na ce, "Yaya, wa ya yi wannan aikin?" Kika ce, "Wanda ya yi ki." Sannan kika nuna mini da bakin allura. Manyan ramukan da suka sha ja su ne jijiyoyin da ke hawa da ruwa daga saiwa. Ƙananan da ke wajen ɓawo su ke saukar da abincin da ganye ya haɗa. Tsakaninsu akwai wani layi siriri, kika ce shi ne mai haihuwar duka biyun, kuma da shi itace ke yin kauri. Daga ranar ban ƙara cewa ciyawa ba, ko da yake ban fasa faɗan karas ba.

A zaman makoki wata mata ta durƙusa gabana, ta buɗe mini babban yatsanta, ga tabo. Ta ce ɗalibarki ce, a shekararta ta farko reza ta zame mata, jini ya ɓata gilashin, 'yan aji suka yi dariya, ta tattara jakarta za ta bar karatun. Ke kika ɗaure mata yatsan, kika tsaya a bayanta, kika riƙe hannunta kuna yankan tare har ta iya. Yanzu ita ma koyarwa take yi. Irinta sun zo da yawa, ban san yawancinsu ba, kowa da abin da kika yi masa wanda ba ki taɓa ba mu labari ba. Haka kike, ciki gare ki kamar rijiya.

Abin da ya hana ni barci kuwa shi ne lemon Inna. Mahaifinmu ya dasa shi a tsakar gida kafin ya rasu, kuma tun da idon Inna ya yi rauni, a gindinsa take wuni. Tana shafa jikinsa kamar mai gaisawa da mutum. Ana cikin jinyarki akuyar maƙwabta ta shigo ta samu gida ba kowa, ta gaigaye ɓawon gindin, ta zagaye shi kaf. Na ga farin itace tsirara, na yi ta zage-zage, amma da na ɗaga kai na ga ganye kore shar sai na ce da sauƙi.

Da aka kawo ki gidan Inna daga asibiti kika zagaya lemon kina dafa bango, kika ce ba sauƙi. Ruwa zai ci gaba da hawa, don jijiyoyinsa suna can ciki, shi ya sa ganyen zai yi ta yaudararmu wata da watanni. Hanyar saukar abinci ce akuya ta cinye. Saiwa za ta zauna da yunwa a ƙasa ba mai gani, ranar da ta ƙare itacen ya bushe gaba ɗaya. Inna tana jinmu. Ta ce, "Ku bar shi, 'yan nan. Abin da ya yi kwanansa ai sai haƙuri." Amma hannunta bai bar jikin itacen ba. Kika ce, "Inna, ba zai riga ki gajiya ba. Gada za mu yi masa."

A lokacin magani ya riga ya sa hannunki rawa, ko kofi ba kya riƙewa da hannu ɗaya. Na ga kin ɗauki wuƙar, kin dube ta, kin miƙo mini. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan miƙowar ba. Kika ce, "Hannun tela ai ya san fira. Zo ki yi, ni ce idonki."

Kina zaune a kujerar roba, kin lulluɓa da zane, kina ba da umarni kamar a aji. Na yanko 'yan rassa masu kaurin fensir daga saman lemon. Na fere kowanne baki biyu. Kika hana ni juya su, kika ce wanda ya taso yana kallon sama dole ya zauna yana kallon sama. Na ɗaga ɓawon da ke ƙasan ciwon na cusa baki ɗaya, na ɗaga na sama na cusa ɗayan, yadda siririn layin nan na reshe zai kwanta a kan na uwar. Na ɓata biyu, kika ce, "Wannan fira ko ta rake?" Na ce in kin iya ki taso. Muka yi dariya har tari ya sarƙe ki. Muka shafe bakunan da kakin zuma, muka naɗe da leda, muka kewaye gindin da waya.

Da za a mayar da ke mota kika riƙe mini gefen mayafi. Kika ce idan gadar ta kama, rassan za su fito da toho, kuma duk tohon da na gani in murje shi da yatsa tun yana ƙarami. In na bar shi zai janye ƙarfin ya zama reshen kansa, alhali aikinsa ya kai wa saiwa abinci. Na ce ke za ki zo ki murje abinki, ni ba 'yar aikinki ba ce. Kika yi murmushi kawai. Wannan ce fitarki ta ƙarshe daga gidan.

A asibiti, ko da magana ta fara yi miki nauyi, in na shigo sai ki ɗaga gira, in girgiza kai. Rassan suna nan kamar tsinke, ba su bushe ba, ba su motsa ba. Kin tafi ba ki sani ba, Yaya. Na so a ce ko sau ɗaya na shigo na gyaɗa miki kai.

Shekaranjiya da safe, bayan masu gaisuwa sun fara raguwa, na je kawar da tabarmi daga gindin lemon. Sai ga toho a jikin gadar, 'yan mitsi-mitsi, kore mai haske, a kan rassan nan da na fere kina yi mini faɗa. Na durƙusa ina dubansu. Abu na ƙarshe da kika sa wa ido ke nan a duniya, ya rayu, kuma ni aka bar wa in kashe masa kai. Wallahi na yi niyyar in bar ko guda ɗaya, in riƙa ganinsa yana girma. Inna ta ji shessheƙata ta laluba ta zo. Na kama yatsanta na ɗora a kan tohon. Ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Me ta ce a yi da su?" Na faɗa mata. Ta ce, "To yi mata abin da ta ce."

Na murje su duka, ina kuka, ban bar ko ɗaya ba. Ƙamshin lemo ya kama mini yatsa, na wuni ban wanke hannun ba.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare Ka. Ka jiƙanta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ta ƙare rayuwarta tana nuna wa bayinka kyawun aikinka a cikin abin da suke takawa su wuce, Ka sa wannan ya zama ilimi mai gudana a gare ta. Ciwon da ta sha Ka sa ya zama kankarar zunubi.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta, wanda ya yi jinyarta bai taɓa nuna gajiya ba, da 'ya'yanta, da abokan aikinta, da ɗalibanta waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, Ya kyautata namu ƙarshen. Inna kuwa ban san da bakin da zan yi mata gaisuwa ba. Ta ce kullum ita take roƙon 'yarta ta rufa mata asiri ranar tafiya, ga shi ita aka bari a inuwa. Allah Ka dafa mata, domin ni hannuna bai kai ba.