Tate Kavari da Haushin Kaptein

Shekara hamsin da ɗoriya Tate Kavari ya yi yana bin awaki a jejin Okakarara, kuma ba don farin da ya share masa garke ba, da babu mai ganin ƙeyarsa a gari. Awaki ɗari da ashirin sai da suka koma bakwai. 'Yarsa Menesia, mai aikin jinya a garin Otjiwarongo, ta zo da a-kori-kura ta kwashe shi. Kayansa duka ba su wuce kujerar naɗewa da sanda da malafa ba, sai kare.

Kare fa, ba irin na bin bola ba. Sunansa Kaptein, ya kai ɗan maraƙi, kai kamar turmi. Tun yana ɗan kwikwiyo aka ajiye shi cikin awaki, nonon akuya ya sha, tare da su ya girma. Aikinsa ɗaya ne: in ya hango dila ko damisa, ya yi ta haushi har a zo.

To, a gari sai kowa ya zame masa dila. Mai keke, 'yan makaranta, motar shara, har jirgin ƙasa da ke wucewa can nesa. Menesia ta yi tsawa ta taga, ta watsa masa ruwa, ta sayo takunkumi ya tauna shi a yini ɗaya. Ko a jikinsa.

Ran nan mai gidan hayar, Misis Garises, wadda katanga ce kawai tsakaninsu, ta zo ta riƙe ƙugu.

"Tate, ina ganin girmanka, amma dodon nan naka ya tayar mini da hawan jini. Wata ɗaya na ba ku. Ko ya yi shiru, ko ya bar gidan nan."

Da ta tafi Menesia ta ce, "Baba, akwai wani mai gona da ke neman irinsa. Can zai fi sakewa."

"Ki tambaye shi ko yana neman tsoho, sai a haɗa mu."

Ita ta yi dariya, shi bai yi ba. Tsoro ne ya kama shi, na gaske. Matarsa ta rasu, awaki sun ƙare. In aka ɗauke karen nan, ba sauran abin da ya rage masa na jeji.

Kwana uku ya yi a kujera yana kallon Kaptein, sai ya gane laifin nasu ne. A jeji, in kare ya yi haushi, ai tashi yake yi ya je ya duba. An kira, an amsa, magana ta ƙare. A nan kuwa bawan Allah kira yake yi ana zaginsa ta taga. Wa zai daina kira alhali ba a zo ba?

Daga ranar, da Kaptein ya buɗe baki sai Tate ya dogara sanda ya taka har bakin wayar shingen gida, ya leƙa hagu da dama, ya dafa kan karen ya ce, "Na gani." Ba tsawa, ba duka. Wata rana sau arba'in, da gwiwoyin da ko hawa mota sai an tallafe shi.

Mai gasa nama a bakin layi ya ce, "Tate, kai ke horar da shi ko shi ke horar da kai?"

"Kai dai juya namanka, yana ƙonewa."

A mako na uku Kaptein ya kama hanya: haushi uku, ya waiwayi kujera, ya jira. Da an ce an gani sai ya kwanta. Amma saura kwana biyu wa'adi ya cika, gwiwar Tate ta kumbura suntum.

Ranar Lahadi, ana tasowa daga coci, sai ga Misis Garises a bakin ƙofa da ƙatuwar hularta. Kaptein ya yi ɗaya, biyu, uku, ya waiwaya. Tate ya yunƙura, ƙafa ta ƙi, sanda ta suɓuce ta faɗi. Haushi na huɗu ya fi na baya ƙarfi, na biyar sai da kwanon rufi ya amsa. Tsohon ya ji hawaye na neman zubo masa don takaici.

Sai ga Menesia daga madafa, hannu duk garin masara. Ta taka har bakin waya, ta leƙa hagu da dama, ta dafa kan karen da ta daɗe tana tsinewa.

"Na gani."

Kaptein ya dubi kujera. Tate ya ɗaga masa hannu. Ƙaton ya yi miƙa ya kwanta.

"Shi ke nan?" in ji Misis Garises.

"Shi ke nan," in ji Menesia.

Ta ja tsaki ta gyara hula. "Da kun yi haka tun farko, da ban sha maganin banza ba."

Tate Kavari ya rasu da damina ta zagayo, a wannan gidan. Mai gonar ya sake aiko wa Menesia, ta ce karen ba na bayarwa ba ne. Har yanzu in Kaptein ya yi uku, ita ke ajiye abin da ke hannunta ta je ta ce ta gani. Sai dai ba ya kwanciya sai ya waiwayi kujerar, shi ya sa ba ta naɗe ta ba.